"Yallaɓai, giya ta tafi, sai Beljiyam"

Jama'a, wata biyu ke nan ina haɗiye wannan magana, yau dai sai na amayar da ita. A kan giyar mota ce, kar wani ya fara salati.

Motata tokunbo ce, 'yar Amurka, otomatik. Wata ranar Alhamis na taso daga ofis zan ɗauko yara daga Islamiyya, sai na ji ta yi fizga, fitila ta kama a gabana, ta kafe a giya ta uku ta ƙi sauyawa. Na lallaɓa zuwa garejin da na saba. Bakanikena ya taka totur sau biyu, ya kasa kunne, ya girgiza kai ya ce: "Yallaɓai, giya ta tafi, sai Beljiyam." Minti biyar ba a yi ba. Bai duba mai ba, bai kwance komai ba, bai jona kwamfuta ba.

Na ci bashi a asusun adashen ofis, kuɗin da ya haura albashina na wata uku. Aka kawo giyabos, an wanke ta fes da fetur. Mai kaya ya ba ni garantin kwana bakwai da fatar baki, ya karɓe tsohuwar tawa wai don ya rage mini kuɗi. Aka ɗaura. Kafin in kai gida ta sake kafewa a giya ta uku. Sai daga baya wani abokin aikina ya kai ni wurin wani yaro da bai wuce shekara 25 ba. Ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta lambar matsala, ya bi waya da hannu. Ashe ɓera ne ya gwaigwiye wayar da ke zuwa wurin sensar gudu. Kuɗin aikin bai kai na kwano biyar na shinkafa ba. Giyata ta asali lafiyarta ƙalau, kuma ban da shakka yanzu tana jikin motar wani bawan Allah da sunan Beljiyam.

Abin da nake so in faɗa shi ne: yanke wa giya hukuncin kisa ba tare da bincike ba zalunci ne, ko da mai yin sa bai yi niyyar cuta ba. Likitan da bai auna ka ba ya ce a cire maka ƙoda, me za ka kira shi?

Tun 1996 doka ta tilasta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka ta zo da wannan ramin jona kwamfuta, wanda ake kira OBD-II. Kusan duk tokunbon da ke kan titinmu tana da shi. Wannan kafewa a giya ɗaya ma ba mutuwa ba ce, ƙwaƙwalwar motar ce take yin haka da gangan in ta ga saƙon da ba ta gane ba, don ta kare giyar ka samu ka isa gareji. Sensa na iya jawo shi, waya na iya jawo shi, salanoyid ɗaya, ƙarancin mai, har batir mai rauni. Amma a wurinmu duk sunan cutar ɗaya ne, maganin ma ɗaya.

Na san inda matsalar ta samo asali. Yawancin ogannin garejinmu a kan Fijo 504 suka koyi aiki, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin PAN a 1975. Mota ce ta kuloci da kafireto, kunne da sifana sun ishe ka. Allah Ya saka musu, sun yi wa ƙasar nan aiki. Amma mota ta sauya, su ba su sauya ba, kuma girman kai ya hana mutum ya ce "wannan ba fannina ba ne." Ga kuma la'ada: wani bakaniken yana da kasonsa a wurin mai kaya. In ya gyara waya ya samu na cefanen yini, in ya sauya giyabos ya samu na wata. Ku gaya mini wanne zai zaɓa in tsoron Allah ya yi ƙaranci.

Ita kanta Beljiyam ɗin cinikin biri a sama ne. Ko a Ladipo ka saya, ko Ƙofar Ruwa, ko Panteka, ko Apo, ba wanda zai iya gaya maka kilomita nawa ta yi. Da yawa daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci aka ciro su. A 2017 kaɗai ambaliyar guguwar Harvey ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston. Wasu kuma da cutarsu suka fito daga kamfani: a 2004 Honda ta yi kiranyen motoci sama da miliyan ɗaya a Amurka saboda matsalar giyar otomatik, ciki har da Accord mai silinda shida. Ka sayi irinta daga bolar can, ka sayi ciwon da ka gudo.

Wani zai ce to ai wani lokaci giyar ta mutu da gaske. Haka ne. In man ya yi baƙi yana warin ƙuna, in an kwance farantin ƙasa an ga garin ƙarfe, in inji na ihu mota ba ta ja, to ciki ya ƙone. A nan ma akwai zaɓi biyu. Ko a buɗe ta a sauya faifan kuloci da robobi da filta, ko a sayi wata. In akwai gwanin buɗewa mai tsabtataccen wurin aiki, gyaran ya fi mini, don na san abin da aka sa a ciki. In a ƙasa za a baje ta cikin ƙura, gyaran gangar Auzinawa za a yi maka, gara ka sayo. Abin da na ƙi shi ne a tsallake bincike a faɗa aljihuna.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu motar muna kashe giya da hannunmu. Muna zuba duk man da aka miƙo mana in dai ja ne, alhali Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1, giyar CVT ta Nissan kuma NS-2 ko NS-3 take sha. Muna shekara biyar ba mu leƙa man giya ba. Muna jefa ta D tana cikin komawa baya. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 wasu sun koma saka ta N a gangara wai tattali. In ta mutu a hanya mu ɗaura igiya mu ja ta nesa, alhali famfon man giya ba ya aiki sai inji na kunne. Lagireto na zafi muna ƙara ruwa muna tafiya, mun manta a motoci da yawa ta cikinsa man giya ke bi ya huce.

Hukumomi ma da nasu. Akwai NADDC mai kula da harkar motoci, akwai FCCPC mai kare haƙƙin mai saye, kanikawa suna da ƙungiyarsu ta NATA. Me zai hana a ce ba mai taɓa giyar otomatik sai da shaidar horo? Me zai hana a wajabta rasit da garanti a rubuce? A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira dubu 70 tun 2024, giyabos ɗaya na iya cinye kuɗin makarantar gida guda.

Kafin su farka, ga abin da na ɗaukar wa kaina. Ba mai kwance mini ƙusa sai an jona kwamfuta, na ɗauki hoton lambar da wayata. Sai na ji ta bakin mutum na biyu wanda ba ya sayar da kaya. In sayen ya zama dole, lambar jikin giyar ta dace da tawa, garanti a takarda, kuma a duba lagireto kafin a ɗaura. Tsohuwar giyata kuwa gida zan tafi da ita.

Kanikawan da ke cikin abokaina, ba da ku duka nake ba, akwai masu amana kuma na san su. Amma faɗin "ban sani ba, je wurin wane" bai taɓa rage wa kowa arziki ba.

Ni dai saura wata takwas a gama cire bashin daga albashina. Allah Ya sa a kaina aka ƙare.