Canjin Ɗan Wasa Ba Alfarma Ba Ne

Sai a 1970, a Meziko, Gasar Cin Kofin Duniya ta fara yarda kowace ƙasa ta canza 'yan wasa biyu. Tun daga 2022 kuwa doka ta tabbata a kan biyar. Kusan rabin ƙungiya ke nan a hannun mai horaswa.

Wanda ya iya lissafi shi ke cin riba. A wasan ƙarshe na Olamfik na 1996, Jo Bonfrere ya sako Emmanuel Amunike bayan hutun rabin lokaci. Shi ne ya jefa ƙwallon da Nijeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2, ta ɗauki zinariya.

Ya kamata masu horaswa a makarantu da unguwannin Zuru su lura da wannan. Gajiya, ko rauni, ko sauya dabara, su ne hujjar canji. Fitar da mai ƙwazo domin a sako ɗan wane zalunci ne, yakan kashe wa yaro gwiwa, ya jawo wa ƙungiya asara. Masu jiran canji kuma a horar da su daidai da sauran, domin ba a fafe gora ranar tafiya.