Sharhi: Likitan da Ya Mayar wa Sojoji Fuskokinsu

Sharhinmu na yau a kan wani likitan fiɗar baki da muƙamuƙi ne, mai suna Varaztad Kazanjian, wanda tarihinsa yake nuna cewa hidimar da ta fi ɗorewa ita ce wadda aka gina bisa haƙuri da ƙwarewar hannu, ba tare da raina kowane irin aiki ba.

An haife shi a shekarar 1879 a garin Erzincan, cikin Daular Usmaniyya, daga zuriyar Armeniyawa; da fitina ta tashi a ƙasar, aka yi ta kashe mutanensa, sai ya yi hijira zuwa Amurka a 1895, yana ɗan shekara 16, ba dukiya, ba harshen mutanen da ya tarar. A garin Worcester ya sami aiki a masana'antar waya, inda yake wuni yana ja da lanƙwasa ƙarfe, da dare kuma ya tafi makaranta neman ilmi, har Allah ya nufe shi da shiga makarantar likitancin haƙori ta Jami'ar Harvard, ya kammala a 1905.

A wancan zamani, idan muƙamuƙin mutum ya karye, akan cusa masa wani katafaren abin tallafi a baki, mai nauyi da wahalar ɗauka. Shi kuwa Kazanjian, da yake hannunsa ya san halin waya tun yana yaro, sai ya riƙa ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da siririyar waya, domin ya lura cewa matuƙar haƙora suka haɗu yadda Mahalicci ya tsara su, to, ƙashin da ke ɗauke da su ma ya koma mazauninsa. Wannan hikima tana da asali a wurin magabata, gama Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen 1013, ya yi bayani cikin littafinsa Al-Tasrif a kan ɗaure haƙoran da ke girgiɗi da zaren zinariya.

Amma babbar jarrabawa ta zo ne a 1915, sa'ad da Yaƙin Duniya na Farko ya yi tsanani, aka tura shi Faransa tare da ayarin likitocin Harvard, domin su yi wa sojojin Ingila aiki a asibitocin da aka kafa a Camiers. Yaƙin nan na cikin ramuka ne, jikin soja a ɓoye, kansa kaɗai ke leƙowa, saboda haka harsashi da ɓaraguzan bam suka fi samun fuska. Akan kawo saurayi haɓarsa ta tarwatse, harshensa yana komawa baya yana neman toshe masa numfashi, ba ya iya tauna, ba ya iya faɗin ko sunan mahaifiyarsa. Kazanjian ba ya gaggawar ɗinke fata, domin ya san idan nama ya warke a kan ƙashin da ya goce, tabo zai tsuke, fuska ta karkace har abada. Sai ya fara tattara gutsattsarin ƙashin, ya daidaita su da waya, ya ƙera wani tallafi na roba mai tauri daidai da bakin majinyacin don ya riƙe kumatu da leɓe, sa'an nan, bayan rauni ya tsarkaka, ya ɗinke naman a kai. Ta haka ya yi wa sojoji fiye da 3,000 magani, kuma a 1919 Sarkin Ingila, George na Biyar, ya ba shi lambar girma.

Abin da ya fi ba ni sha'awa cikin al'amarinsa, jama'a, shi ne abin da ya yi bayan wannan ɗaukaka. Mutumin da sarki ya karrama, wanda shekarunsa suka kai 40, da ya ga cewa shahadarsa ta haƙori ba ta ba shi izinin yin dukan fiɗar da majinyatansa ke bukata ba, sai ya koma aji ya zauna tare da samarin da ya girme su nesa, har ya sami shahadar likitanci a 1921. Daga nan ya zama shehin malami a fannin fiɗar baki, a 1941 kuma ya zama na farko da ya riƙe kujerar fiɗar gyaran jiki a Harvard. A 1931 an gayyace shi Biyana don ya ƙera wa shahararren masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud, wanda sankara ta ci masa muƙamuƙi, abin da zai toshe gurbin don ya iya ci da magana. Littafin da ya wallafa tare da John Converse a 1949, a kan fiɗar raunukan fuska, ya daɗe yana hannun ɗalibai. Ya rasu a 1974, yana da shekara 95.

Wannan fanni ba baƙo ba ne a gare mu. Ɗan acaɓan da ya faɗi ya karya haɓa, aka ɗaure masa haƙora na wasu makonni yana shan kunu da tsinke, yana cin gajiyar irin wannan ilmi ne. Haka kuma yaran da ciwon noma ya cinye wa kumatu, waɗanda ake yi wa fiɗa a asibitin da aka buɗe dominsu a Sakkwato a 1999. Fuska ita ce mazaunin mutunci, da ita ake gaisawa, ake neman aure, ake shiga sahu ba tare da sunkuyar da kai ba. Saboda haka muna kira ga matasanmu masu karatun likitanci da kada su ɗauki aikin baki da haƙori ƙaramin abu, ga hukuma kuma ta tanadi kayan aiki da horo, domin majinyatan suna da yawa, masu wannan sana'a kuwa kaɗan ne. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.