Kayan jabu a injinan jiragen sama: Amanar da ta rataya a kan takarda

A shekarar 2023 ne kanikawan kamfanin jiragen sama na TAP na ƙasar Portugal suka lura cewa wasu kayayyakin gyara da za su saka a injin wani jirgi sun nuna alamar an taɓa amfani da su, alhali kuwa takardun da suka zo tare da su sun ce sabbi ne.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa takardun na jabu ne, kuma wani ƙaramin kamfanin dillanci da ke birnin London mai suna AOG Technics ne ya sayar da kayan.

A watan Agustan shekarar hukumar kula da lafiyar sufurin jiragen sama ta Tarayyar Turai, wato EASA, ta fitar da gargaɗi, sannan takwararta ta Amurka, FAA, ta bi sahu a watan Satumba.

Injin da abin ya shafa

Akasarin kayan na injin CFM56 ne, wanda kamfanin CFM, na haɗin gwiwa tsakanin General Electric na Amurka da Safran na Faransa, ya ƙera fiye da guda 30,000.

Shi ne injin da ke ɗauke da ɗimbin jirage samfurin Boeing 737 da Airbus A320, ciki har da tsofaffin samfurin 737 da wasu kamfanonin Najeriya ke jigilar fasinja da su a cikin gida.

Daga bisani CFM ya ce an gano irin waɗannan kaya a injina fiye da 100. Kamfanoni irin su Southwest da United da Virgin Australia sun dakatar da wasu jiragensu don a cire su.

Babu wani hatsari da aka danganta da wannan badaƙala. Amma duk da haka ta tayar da hankalin masana'antar, saboda ta taɓa tushen da aka gina aikin gyaran jirage a kansa.

Darajar takarda

A cikin injin jirgi akwai sassan da ke juyawa fiye da sau 10,000 a minti guda, cikin zafin da ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Celsius. Mafi tsananin wahalar da injin ke sha ita ce lokacin tashi, shi ya sa ake lissafin rayuwar wasu sassan da yawan tashi da saukar da jirgi ya yi.

Bakanike ba zai iya gane ingancin ƙarfen da aka yi kusa ko farfela da shi da ido ba, haka kuma ba zai san tsawon aikin da ta yi a baya ba. Abin da yake dogara da shi shi ne takardar shaida, wadda ke faɗin wanda ya ƙera kayan, da wanda ya duba su ya sa hannu.

Idan takardar ta zama ƙarya, to duk sauran lissafin ya rushe. Mai yiwuwa kayan na ƙwarai ne, mai yiwuwa kuma an tsinto su ne daga injin da ya gama aiki. Babu mai iya tantancewa, don haka tilas a kwance injin a fitar da su.

Tarihi ya nuna inda sakaci kan kai. A shekarar 1989 wani jirgin kamfanin Partnair na ƙasar Norway ya faɗa teku kusa da gaɓar Denmark, inda mutane 55 suka rasu. Masu bincike sun gano cewa wasu daga cikin kusoshin da ke riƙe da jelar jirgin na jabu ne.

Giɓin da ke akwai

Hukumomi na sa ido sosai a kan masu ƙera jirage da kuma wuraren gyara su. Dillalan da ke tsakani kuwa ba su fuskanci irin wannan tsanani ba, ga shi kuma ƙarancin kayan gyara bayan annobar korona ya sa kamfanoni suna rububin duk abin da suka samu, domin jirgin da ke ajiye a ƙasa asara yake jawowa kullum.

A watan Disamban 2023 hukumar yaƙi da manyan laifukan zamba ta Birtaniya ta kama shugaban AOG Technics, kuma a watan Disamban 2025 ya amsa laifin zamba a gaban kotu.

Su ma manyan kamfanonin, irin su Airbus da Boeing da Safran, sun kafa wani ƙawance a shekarar 2024, wanda ya ba da shawarar a riƙa tantance dillalai, a kuma mayar da takardun shaida zuwa na kwamfuta yadda za a iya bin sawunsu har zuwa masana'anta.

Sai dai waɗannan shawarwari ne, ba doka ba, kuma aiwatar da su na bukatar kuɗin da ƙananan kamfanoni, musamman a ƙasashe masu tasowa, kan yi fama kafin su samu.

Abin lura kuma shi ne, shekaru kamfanin ya kwashe yana cinikinsa ba tare da wata hukuma ko na'ura ta gano shi ba. Asirinsa ya tonu ne a ranar da wasu kanikawa suka ƙi amincewa da abin da takarda ta ce, suka kuma kai rahoto.