Wasan Ban Dariya Ba Hauka Ba Ne

Duk wanda ya zaga garuruwan Ɗambatta da Bichi da Minjibir bayan sallar isha'i zai tarar da manoma sun taru a gaban talbijin, bayan sun yini a gona, suna neman abin da zai ɗebe musu gajiya. Abin takaici shi ne, yawancin wasannin ban dariya da ake nuna musu a yau ihu ne da guje-guje da doke-doke da zage-zage. Mafi muni kuma, kusan kullum mutumin ƙauye ne ake fitowa da shi a matsayin bagidaje, da yagaggiyar riga, ya shiga birni yana tsoron mota. Wato manomin da hatsinsa ke cika kasuwar Dawanau shi ake mayarwa abin dariya, yana zaune yana kallo.

Da can ba haka abin yake ba. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya yi aikin soja kafin ya shahara da Samanja Mazan Fama a Kaduna, saboda haka barikin da ya nuna wanda ya zauna ne a ciki. Mutane sun yi dariyar Hausarsa ta bariki, amma sun fahimci horon soja da zamansa da iyali. Marigayi Ƙasimu Yero ma, wanda ya rasu a 2017, bai dogara da tsalle-tsalle ba a wasan Karambana. Halin mai shisshigi ya kwaikwaya, kowa kuwa ya san irinsa a unguwarsu.

Sirrin kenan. Wasa yakan yi armashi ne idan yana da labari mai kai da gindi, da mutanen da mai kallo zai gane, da magana mai hikima. Bahaushe kuwa ba baƙon raha ba ne. Akwai wasan tashe na watan azumi, da barkwancin taubasai, da na Kanawa da Zagezagi, da na Fulani da Barebari. A duk waɗannan akan yi zolaya a faɗi gaskiya ba tare da an ci mutuncin kowa ba.

Masu shirya wasannin sukan ce abin da jama'a ke so suke bayarwa. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin mai jin ƙishirwa ko ruwan kududdufi aka miƙa masa zai sha.

Lalle ne gidan talbijin na ARTV, wanda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa da sunan CTV, da kuma NTA Kano, su riƙa biyan marubuta haƙƙinsu kafin a ɗauki hoto, su kuma tura su karkara su ji abin da ke damun jama'a: tsadar taki, da rikicin gadon gona, da alkawuran 'yan siyasa. Ɗaliban Jami'ar Bayero masu nazarin Hausa su ma su gwada alƙalaminsu. Manomi ya cancanci wasan da zai yi dariya a cikinsa, ya tashi da mutuncinsa.