Kafin ka tura hoton mahaifinka wurin mai zane

Wata al'ada tana samun gindin zama a biranenmu. Ɗa zai tura hoton mahaifinsa da ya rasu ga wani matashi mai zane da ya gani a Facebook ko Instagram, a yi ciniki, bayan mako biyu a kawo zanen fensir ko na fenti cikin firam, a kafa a falo. Ango yana yi wa amarya, ɗalibai suna haɗa kuɗi su yi wa malaminsu. Ba mu musun cewa ƙauna ce ke kawo hakan. Amma abin da za a rataye a ɗakin da ake salla da karatun Alƙur'ani ya cancanci a nemi hukuncinsa tun kuɗi bai bar aljihu ba.

Mas'alar tsohuwa ce. Bukhari ya ruwaito cewa wani mutum ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas (RA) ya gaya masa cewa da zanen hotuna yake cin abinci. Ɗan Abbas ya isar masa da kakkausan gargaɗin Manzon Allah (SAW) game da masu suranta abu mai rai, har mutumin ya razana, fuskarsa ta canja. Sai ya nuna masa mafita: in ba makawa, ya zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Ya kamata masu wa'azi su lura da wannan. Sahabin bai raba mutumin da sana'arsa ba, alƙibla ya gyara mata.

Daga nan malamai suka saɓa. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya tafi a kan cewa suranta mai rai haramun ne, ko siffar tana da inuwa ko shafaffiya ce. Malikiyya kuwa, mazhabar da akasarinmu muka tashi a kanta, sun rarrabe. A babin walima na sharhin Dardir a kan Muhtasar Halil, haramcin yana kan siffar mai rai mai jiki da inuwa, cikakkiyar gaɓɓai, wato mutum-mutumi. Zanen da ke kwance a takarda ko bango makaruhi ne idan an ɗaukaka shi, idan kuma abin takawa ne, kamar na shimfiɗa, barinsa ya fi. Akwai masu sassautawa in zanen kai da kafaɗu ne kawai, akwai masu cewa ai kan shi ne hoton. Saboda haka wanda ya yanke wa mai zane hukuncin wuta kai tsaye ya rufe ido ga saɓani na gaske, wanda kuma ya ce babu komai a ciki ya wuce inda masu sassaucin suka tsaya.

Wasu kan ce ai kowa yana da hoto a waya. Gaskiya ne, sai dai malaman da suka halatta hoton kyamara, irin su tsohon Muftin Masar Shaihu Muhammad Bahit al-Muɗi'i, hujjarsu ita ce na'ura kamo siffa take yi kamar madubi, ba hannu ne ke ƙaga ta ba. Wannan hujja ba ta kai ga alƙalamin mai zane ba. Wasu kuma kan kawo labarin Sarkin Daular Usmaniyya Muhammad al-Fatih, wanda ya gayyato Gentile Bellini daga Venis ya zana shi a 1480, zanen da yanzu yake Landan. Tarihi ne tabbatacce, amma aikin sarki ba dalilin shari'a ba ne.

Inda muka fi jin tsoro shi ne hoton mamaci da na malami. Sa'ad da Ummu Habiba da Ummu Salama (RA) suka ba Annabi (SAW) labarin wata majami'a mai hotuna da suka gani a Habasha, ya bayyana cewa asalin abin shi ne girmama mutumin kirki bayan mutuwarsa. Haka Ɗan Abbas ya fassara sunayen gumakan nan biyar na Suratu Nuhu: salihan bayi ne da aka kafa wa siffofi don tunawa, sai da masu sanin dalilin suka ƙare aka bauta musu. Ɗan da ya sa aka yi zanen ya san ƙauna ce kawai. Jikan da zai tashi ya ga ana sassauta murya a gaban firam bai san wannan ba. Mun ma ga zanen da ake yaɗawa da sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, alhali ya rasu a 1817, tun ba a ƙirƙiro kyamara ba.

Akwai kuma batun da ba a cika faɗa ba. Hoton amarya ba lulluɓi yana shiga wayar namiji ajnabi, ya shafe kwanaki yana ƙura masa ido, in ya gama ya ɗora a shafinsa don talla. Ko da babu saɓani a kan zane, wannan kaɗai ya isa magidanci ya dakata.

Shawararmu ga gidaje ita ce a bar zanen mutane na ratayewa, musamman mamata da malamai, a kuma ci gaba da ba masu zanen aiki. Muna da zayyanar allon sauka, da rubutun hannu irin na Barno da na Kano, da adon bangon gidajen Zariya. Wanda ke son tuna mahaifinsa zai iya sa a zana masa zauren gidansu, ko rimin da tsohon yake zama a gindinsa.

Wanda kuma ya riga ya ba da aiki, kada ya jira mai zane ya ƙare fentinsa da makonninsa sannan ya tuna da haramci don ya tsere wa biya. In ya canja shawara, ya faɗa da wuri, su daidaita a kan abin da aka kashe, ko a mai da kuɗin kan wani zanen da babu saɓani a cikinsa.