An Ba Ta Yara, An Hana Ta Iko

Duk lokacin da hira ta biyo ta kan 'yan matan gidan Brontë, littafin Jane Eyre ne ke fara faɗowa daga bakin mutane. Ba na musun darajarsa. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na autarsu, Anne, mai suna Agnes Grey. Ya fito a Landan a watan Disamba na 1847, wata biyu bayan Jane Eyre na yayarta Charlotte, da sunan aro na Acton Bell, domin a lokacin ana yi wa rubutun mace kallon raini. Na sake karanta shi a makon nan, na ajiye shi zuciyata a cunkushe.

Agnes 'yar wani limamin coci ce a arewacin Ingila. Mahaifinta ya zuba ɗan abin da ya mallaka a fataucin wani abokinsa, jirgin ruwan da ya ɗauko kayan ya nitse, gida ya shiga halin ni-'yasu. Yarinyar ba ta cika shekara ashirin ba ta ce za ta fita nema. A Ingila ta wancan zamani, 'yar mutunci mai ilimi wadda ba ta da dukiya kuma ba ta da miji, kusan ƙofa ɗaya ce a buɗe gare ta: ta tare a gidan masu hali ta zama malamar gida, tana koya wa 'ya'yansu karatu da Faransanci da kiɗa da ladabi. Ƙidayar 1851 ta sami irin waɗannan mata fiye da 20,000.

Gidan Bloomfield ta fara zuwa, a kan fam 25 a shekara. Ta isa bayan doguwar tafiya cikin sanyi, yatsunta sun sandare, aka ajiye mata nama mai tauri da dankalin da ya huce. Tana ta kokawa da wuƙa, naman ya ƙi yankuwa, uwar gida kuwa na zaune ta zuba mata ido. Daga wannan ƙwarya ta farko ta san matsayinta.

Sai aka gindaya mata sharaɗi: hukunta yaran ba hurumin malama ba ne, na iyaye ne. Uwar kuma ba ta son jin laifin 'ya'yanta. Tom ɗan shekara 7 ya gane haka tun kafin malamar ta gama kwance kayanta. Ƙanwarsa Mary Ann, in ba ta ga damar karatu ba, sai ta zube a ƙasa kamar gungume, a ɗaga ta ta sake zubewa. Idan yaran suka fita suka yi birgima cikin taɓo, mai gida Agnes yake yi wa tsawa, a gabansu. Idan ba su iya karatu ba, ita ce ba ta iya aikinta ba. An doke ta, an hana ta kuka.

Akwai wurin da ba na iya wucewa da sauri. Kawun yaran, Robson, ya tsinko sheƙar tsuntsu da 'ya'yanta a ciki ya ba Tom. Yaron ya tsaya yana lissafa wa malamarsa irin azabar da zai gana wa 'yan tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa cike da murna. Ta roƙe shi ya mayar da su, ya ƙi. Ba ta da ikon ƙwace su, ba ta da wanda za ta kai wa ƙara ya saurare ta. Sai ta ɗauki wani faffaɗan dutse ta sake shi a kansu, suka mutu nan take. Yarinyar da ta tashi a gidan tausayi, iyakar rahamar da aka bar mata a hannu ke nan. Kawun ya yaba wa zafin zuciyar yaron, uwar kuma ta ga laifin malama da ta katse wa ɗanta wasa. Ba ta cika shekara ba aka sallame ta, wai yaran ba su ci gaba ba.

Kada a ɗauka bulala nake nema wa malamai. Ikon da nake nufi shi ne malama ta ce a'a, yaro ya ruga wurin uwarsa ya tarar da a'ar tana jiransa a can. Shi aka hana Agnes, kuma shi na ga ana hana wata malamar lesin a wani gida da na sani a nan gida. Tana zuwa da la'asar, a tsaye take shan ruwa, in ta yi wa yaro faɗa sai Hajiya ta leƙo ta ce, "Malama, ki bi shi a hankali, ba ya son takura." Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, ita aka fara tuhuma.

A gida na biyu, na Murray, albashi ya ninka zuwa fam 50, wulaƙancin kuma ya canza kama. Ba ta cikin barori, domin ta fi su ilimi da asali. Ba ta cikin iyalin gida, domin biyanta ake yi. Barorin ma sun lura da yadda iyayen gidansu suka ɗauke ta, suka bi sahu. Ranar Lahadi in an taso daga coci, ɗalibanta Rosalie da Matilda na tafe da samari da ƙawaye, ba mai ce mata uffan. Ta jera da su, a ce ta yi shisshigi. Ta bi bayansu, ta amsa sunan baiwa. Sai ta riƙa jan ƙafa tana kallon furannin bakin hanya, kamar su ne suka tsayar da ita. Wanda ya taɓa zama a gidan da ake ciyar da shi ba a ganinsa zai gane wannan tafiya.

Anne ba ƙirƙira ta yi daga sama ba. A 1839 ta yi aikin malamar gida a Blake Hall, aka sallame ta kafin shekara ta ƙare. Daga 1840 zuwa 1845 ta yi a Thorp Green. Shi ya sa, ba kamar Jane Eyre ba, labarinta ba shi da mahaukaciyar da aka kulle a saman bene, ba shi da gobara, ba shi da gadon fam 20,000 irin wanda ya faɗo wa Jane daga kawunta. Masu cewa littafin ya yi lami, a ganina, ba su zauna da shi ba ne. Gajiyar yau da gobe ce ta rubuta, wadda ba ta da amo.

Mafitar da Anne ta ba Agnes ma daidai ruwa daidai tsaki ce. Bayan rasuwar mahaifinta, ita da mahaifiyarta suka buɗe 'yar makaranta a wani gari na bakin teku, inda maganarta ke da nauyi a ajinta. Daga baya ta auri Weston, mataimakin limamin da ya taɓa tsinko mata furanni a kan hanyar dawowa daga coci.

Ita Anne ba ta sami irin wannan makaranta ba. A 1844 ita da yayyenta sun shirya buɗe tasu a gidan mahaifinsu a Haworth, har suka buga takardar talla, ko ɗaliba ɗaya ba ta zo ba. Tarin fuka ya ɗauke ta a watan Mayu na 1849, a garin Scarborough na bakin teku, tana da shekara 29.