Kafin Kwikwiyo Ya Shigo Gida

Ƙannena, idan iyaye sun amince ku kawo kwikwiyo, ku fara kintsa gidan tukuna. Tsakanin wata 3 da wata 6 yake canza haƙora, saboda haka duk abin da ya samu sai ya tauna.

Ku durƙusa daidai tsayinsa ku dubi tsakar gida. Ku ɗauke wayar caja, takalman makaranta da littattafanku. Ku ɓoye maganin ɓera da farasitamol a sama, domin suna iya kashe shi. Cakulan, albasa da tafarnuwa ma guba ne gare shi. Ku rufe rijiya da bakin masai, ku killace kaji.

Da ya cika wata 3, ku kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Wannan allura tana kare shi, tana kare ku.